Hedimastan ƙauye: me ke hannunsa, me kuma ba ya hannunsa?

Duk lokacin da bidiyon wata makarantar ƙauye ya yaɗu a Facebook ko TikTok, yara zaune a ƙasa, iska ta yaye kwanon aji, allo ya goge har alli ba ya kamawa, abu na farko da mutane ke cewa shi ne "ina hedimastan makarantar nan, a kore shi kawai". Wasu har rantsuwa suke yi cewa shi ya cinye kuɗin gyaran. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa bawan Allah ba ruwansa, laifin gwamnati ne duka, a ƙyale shi ya ji da talaucinsa. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu ba su fahimci aikin ba. To wai shin mene ne ainihin aikin shugaban makaranta a karkara, me aka ɗora masa, a ina yake da iko, a ina kuma ikonsa ya ƙare?

## Wa ke samansa?

Da farko dai mai riƙe da firamare shi ne hedimasta, mai riƙe da sakandare kuma firinsifal, kuma ba ofis ɗaya suke kai rahoto ba. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004, karatun shekara tara na farko, wato firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma tilas ne a Najeriya. Akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja, akwai takwararta SUBEB a kowace jiha, sannan a ƙaramar hukuma akwai ofishin ilimi na LGEA wanda sakataren ilimi ke jagoranta, shi ne wanda malamai ke kira ES. Hedimasta ƙarƙashin ES yake, kuma yawanci ta hannun sufabaiza maganarsa ke isa can. Firinsifal na babbar sakandare shi kuma ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar kula da sakandare yake bi, ta ofishin shiyya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan mutumin ba shi ke ɗaukar malami aiki ba, ba shi ke biyan albashi ba, ba shi ke ƙarin girma ba, ba kuma zai iya korar kowa ba. Malami ko wata guda ya yi bai leƙo ba, iyakacin hedimasta ya ba shi takardar tuhuma, ya rubuta rahoto ya aika sama, sai ya zauna jiran abin da za a ce. In malamin yana da uwa a gindin murhu, ba abin mamaki ba ne ka ji hedimastan aka yi wa taransifa, malamin yana nan daram. An ɗora masa alhakin makaranta gaba ɗaya amma ikon da aka ba shi ɗan kaɗan ne, kuma daga nan yawancin rikicin ya samo asali.

## Maganar kuɗi

Doka ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Shi ya sa kusan kowace shekara za ka ji UBEC da kanta tana kukan cewa biliyoyin naira na nan jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba. In ma an ɗauka, a hedikwatar jiha ake ba da kwangilar gina aji da sayen benci. Hedimastan ƙauye sau da yawa sai dai kawai ya ga tifa ta sauke yashi a harabar makaranta, bai san wa aka ba aikin ba, bai san nawa ne ba, bai san buhun siminti nawa aka rubuta ba.

Kuɗin gudanarwa na yau da kullum kuwa, a firamare da yawa babu shi sam. Doka ta hana karɓar kuɗin makaranta daga hannun iyaye, amma alli yana ƙarewa, rajista tana cika, tsintsiya tana lalacewa, kwaɗon ofis yana ɓaci, ga takarda da za a kai LGEA a kan babur kuma man daga aljihunsa ne. Daga nan ake samun naira ɗari ko ɗari biyu ta PTA, ko kuɗin jarrabawa, wanda wani hedimastan yake karɓa don dole kuma ya nuna inda ta tafi, wani kuma ya mai da shi hanyar cefanen gidansa. Duka biyun akwai su, kada wani ya ce maka babu.

Akwai dai wurare biyu da ya kamata a tsare shi da tambaya. Na farko in ɗan kwangila ya gama aikin algus, bango tun kafin damina ya tsage, aka kawo takarda aka ce ya sa hannu cewa aiki ya kammala, ya sa. Wannan hannun nasa ne, ba na gwamna ba. Na biyu shi ne tallafin da ke shiga asusun kwamitin makaranta kai tsaye, irin na shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata da aka fara a 2020 da bashin Bankin Duniya a jihohi bakwai, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. A irin wannan kuɗin shugaban makaranta yana cikin masu faɗa a ji, don haka iyaye na da haƙƙin su ce a karanto musu nawa aka turo, me aka saya, ina rasit.

## Abin da yake wuyansa, ba na kowa ba

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne za ka ga makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, talaucinsu ɗaya, dukansu ba benci, amma a ɗaya yaro ɗan aji huɗu yana karanta Hausa tiryan-tiryan, a ɗayar kuma ɗan aji shida ko sunansa ba ya iya rubutawa.

A kan teburin kowane hedimasta akwai littafin da malamai ke sa hannu da safe, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Ƙa'ida ita ce da lokaci ya cika ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, duk wanda ya rubuta ƙasan layin nan ya makara ke nan, kuma sufabaiza in ya zo yana buɗe shafin zai gani. Layi ne ɗaya tak amma wallahi jan sa sai mai ƙarfin hali, saboda wanda zai faɗa ƙasan layin wataƙila ya girme shi, ko surukinsa ne, ko tare suka yi kwaleji. Kuma ba zai iya jan layin ba sai in shi ya riga kowa zuwa. Hedimastan da ke isowa ƙarfe goma ya bar littafin a buɗe kowa ya rubuta bakwai da rabi, ya riga ya gaya wa malamansa cewa makarantar ba ta da mai ita.

Gaskiya ne fa malaman suna da uzuri. Yawancinsu a cikin gari suke zaune, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa da dawowa kullum yana cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin malami. Shi ya sa a wasu makarantun aka ƙirƙiro rabon kwana, wasu su zo Litinin da Talata, wasu Laraba da Alhamis, Juma'a kuma kowa ya san rabin rana ce. Na fahimci abin da ya kawo haka, amma yaron da aka rubuta masa darasin lissafi sau biyar a mako yana samun biyu ne, kuma ba wanda zai biya shi sauran ukun har abada. Hedimasta nagari yana iya sassauta wa malami ta wata hanyar, ya nema masa ɗaki a garin ta hannun dagaci, ya haɗa su biyu-biyu a babur ɗaya, ya gyara jadawali, amma ba ya yarda aji ya wuni ba kowa.

Sai duba koyarwar kanta. Aikinsa ne ya karɓi littafin shirin darasi na kowane malami ya duba kafin a shiga aji, ba wai ya buga sa hannu a ƙarshen zango gaba ɗaya ba. Aikinsa ne ya shiga aji ya zauna a baya ya saurara, ya ɗauki littafin yaro ya ga yaushe rabon da a yi masa maki, ya kira yaro ɗaya daga layin baya ya ce karanta min wannan. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta ce 21,780 sun faɗi tambayoyin 'yan aji huɗu, an yi ta cacar baki a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki. Amma ni tambayar da ta tsaya min a rai ita ce, duk shekarun nan kowane ɗaya daga cikinsu yana ƙarƙashin wani hedimasta ne, shin an taɓa zama a bayan ajinsa kuwa?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. A ƙauye kuwa kana iya tarar da aji shida malamai uku, har da shi hedimastan a ciki, wanda ke nufin shi ma alli ne a hannunsa daga safe har tashi, aikin ofis sai bayan yara sun tafi. A nan dabararsa ke fitowa, wane aji za a haɗe da wane, wa za a ba wa. Kuskuren da na ga ya zama ruwan dare shi ne a kai malamin da ya fi ƙwarewa aji shida saboda jarrabawar fita, a bar aji ɗaya da biyu a hannun wanda ya fi kowa rauni ko malamin sa-kai, alhali a nan ne yaro ke koyon haɗa baƙi, in ya wuce bai iya ba to duk abin da za a zuba masa a gaba a banza ne. Wannan shawara ba ta buƙatar ko sisi daga Abuja.

Akwai kuma gaskiyar alƙaluma. Rajistar shiga, rajistar kiran suna, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, duk daga hannunsa suke fita, kuma da su ake lissafin malamai nawa da littafi nawa za a turo. Da aka fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, yara sun ƙaru da gaske a makarantu da yawa, amma an kuma yi ta zargin cusa sunayen da babu masu su. Haka malamin da ke karɓar albashi yana kasuwancinsa a birni, sunansa ba ya zama a takarda sai da wanda ya rufe ido.

## Shi da mutanen gari

A birni firinsifal yana iya shekara biyar bai san mai unguwar da makarantarsa take ciki ba. A ƙauye hakan ba zai yiwu ba, don ba gwamnati ke kawo yara makaranta ba, iyaye ne, kuma iyaye suna kallon bakin dagaci da liman da malamin tsangaya. Ranar kasuwar garin aji rabi ne, da damina ta sauka manyan yara maza suna gona, da kaka kuma ana girbi da ɗaukar kaya, 'yan mata suna talla saboda da ribar ake tara kayan ɗaki, yaran rugage kuma in shanu suka tashi sun tashi ke nan. Dokar UBE ta tanadi hukunci ga uban da ya hana ɗansa karatu, amma faɗa min hedimastan da zai kai maƙwabcinsa kotu kuma gobe ya tsaya sahu ɗaya da shi a masallaci.

Abin da ke aiki shi ne zuwa da ƙafa. Yarinya 'yar aji biyar ta yi mako biyu ba a gan ta ba, ƙawayenta suka ce an kawo kuɗin gaisuwa. Hedimasta ba ya aika takarda, bayan la'asar yake zuwa ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a gaisa, a tambayi iyali da ya amfanin gona, sai can ya ce "Malam, dama maganar 'yar nan tamu ce ta kawo ni, Allah ya ba ta kai, ko a cikin maza ba mai kama ta a lissafi". Ba ya cewa auren laifi ne, in ya faɗi haka hira ta ƙare. Roƙo yake a ɗaga zuwa ta gama, ko a sa wa mijin sharaɗin za ta ci gaba, kuma in yana da wayo ba shi kaɗai ya zo ba, ya taho da liman ko wani dattijo da uban ke jin nauyinsa. Wani lokacin a dace, sau da yawa ba a dacewa. Amma uban da aka zo har zaurensa aka girmama shi, ko bai bar wannan ba yakan bar ƙanwarta.

Don irin wannan aka kawo tsarin kwamitin kula da makaranta na mutanen gari, wato SBMC, wajen 2006, inda ake haɗa wakilin sarauta, malaman addini, iyaye mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a da wakilan yaran kansu, shugaban makaranta kuma yawanci shi ne sakatare. Inda kwamitin ke da rai za ka ga magini ya ɗaga bangon da ya faɗi kyauta, matasa sun yi gayya sun share fili, mata suna bi gida-gida suna koro yara da safe, an daidaita lokaci da makarantar allo don kada yaro ya zama sai ya zaɓi ɗaya. Inda kuma hedimasta ya rubuta sunayen abokansa kawai ya aika LGEA, kwamitin a takarda yake, ba a tuna shi sai ranar da za a cire kuɗi.

Ƙananan abubuwa ma suna da nauyi a nan. Makarantar da ba banɗaki mai ƙofa, ba kuma malama mace ko ɗaya, 'yan mata da sun fara girma za su janye, kuma ba wanda zai fito ya gaya wa hedimasta dalili, shi ne zai gane da kansa. Ga filin makaranta da ba katanga ba takarda, bana mai gonar gefe ya ci kunya biyu, baɗi ya ƙara uku, in shugaban bai tashi ya kai maganar gaban hakimi ba wata rana ko wurin asambuli ba za a samu ba.

## Tsaro, nauyin da ba a koya wa kowa a kwaleji ba

Daga Chibok a 2014 inda aka kwashe 'yan mata 276, zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe da Tegina da Birnin Yauri a 2021, sai Kuriga a 2024, kusan duka makarantun karkara ne ko na ƙananan garuruwa. A harin Maga ta jihar Kebbi a Nuwamban 2025 mataimakin firinsifal aka kashe a cikin makarantar. Yanzu a sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Neja da Kaduna shugaban makaranta kullum yana cikin wani lissafi da ba ya cikin takardar aikinsa, an ce an ga babura a dajin yamma, in saki yara ko in riƙe su? In ya sake su ba izini ana iya cewa ya rufe makarantar gwamnati da ra'ayin kansa, in ya riƙe su wani abu ya faru ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Ba shi da ɗan sanda, maigadinsa in ma akwai dattijo ne da tocila da sanda. Abin da ke hannunsa shi ne kunnensa a gari, lambar DPO da shugaban 'yan sa-kai a wayarsa, yara su san ta inda za su bi in an buga ƙararrawa ba a lokacinta ba, sannan duk gargaɗin da ya samu ya rubuta ya aika sama ya riƙe kwafi. Sauran na gwamnati ne ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya ɗora wa firinsifal laifin rashin sojoji bai yi masa adalci ba.

## Wa ake naɗawa, kuma me ke tafe?

A yawancin wurare ana zama hedimasta ne da daɗewa a aiki ko da sanayya, ba da wani horo na musamman kan shugabanci ba. Jiya malamin aji ne, yau an miƙa masa makullin ofis da tarin rajistoci. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda aka mai da tura mutum ƙauye hanyar hukunci, malami ya saɓa wa wani babba sai a ce a jefa shi daji, kamar yaran can ba 'ya'yan mutane ba ne. Wanda ya zo da wannan baƙin cikin, tun ranar farko hanyar komawa gari yake nema. Ɗan gari kuma yana da nasa amfanin da nasa cikas, yana kwana a nan kuma ana jin maganarsa, amma tsawata wa ɗan yayansa da ke koyarwa a ƙarƙashinsa sai ya yi da gaske.

A ranar malamai ta 2020 gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin albashi na musamman da alawus na masu aiki a karkara. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ko shekara 40 a aiki, alawus ɗin karkara kuwa malaman ƙauye da yawa har yau labarinsa kawai suke ji. Sannan ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu goyon baya suna ganin in kuɗi ya sauko kusa, hedimasta zai iya taka ƙafa ya je wurin ciyaman ya ce rufina ya yaye. Malamai da yawa kuma tsoro suke ji, saboda albashin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fita, kuma manyansu ba su manta zamanin da ake wata da watanni ba a biya ba, shi ya sa NUT ke neman a riƙa cire albashin tun daga tushe. Ko a Abuja, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. In haka ta faru a ƙauye, mai kuɗi zai kai ɗansa makarantar kuɗi a gari, ɗan manomi kuma gona zai koma, kuma hedimastan ne zai sake bi gida-gida yana roƙon a dawo da su in an janye yajin aikin.